Ƙasar da Makau Ya Ɗanɗana

Ran da ɗaliban wata makaranta a Anka suka yi wasan kwaikwayon wani sarki da aka kashe, mutum biyu suka yi jawabi a kan gawarsa, taro ya bi na fari, ya juya ya bi na biyu, malamai sai jinjina kai suke wai magana ta yi aiki. Ni dariya na yi. Ban taɓa zama aji ba, amma na riga su gani, kuma a namu wasan wanda ya mutu bai tashi ya karkaɗe riga ba.

Halilu manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Anka. Shekarar da zinari ya bayyana, shi ma ya riƙa ɗauko dutse yana dakawa a tsakar gida kamar kowa. Sai yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Ma'aikatan lafiya suka zo suka auna, suka ce gubar dalma ce ta cikin dutsen ta gauraye da ƙasar gidaje, sai an kankare ta an zuba sabuwa.

Ɗiyarsa ɗaya ce, Rufaida, tana rarrafe. Matarsa Hure ta ce, "Malam, a kwashe ƙasar ga. Ɗiyarka ba ta raina abin kaiwa baki."

Ya ce, "Gobe in sha Allahu. Bari in je taro in dawo."

Aka taru ƙarƙashin tsamiya bayan la'asar. Dalhatu wakilin mai gari ya tashi ya faɗi abin da aka auna, da yawan yaran da aka rufe, da ranar da za a fara aiki. Gaskiya tsirararta, ba gishiri. Kowa ya ce haka ne, Halilu ma ya ce haka ne.

Sai Makau ya miƙe. Kansila yake nema, abokin takararsa kuwa shi ya yi wa ma'aikatan jagora zuwa gari. Bai fara da magana ba. Tsayawa ya yi yana duban mutane ɗaya ɗaya, har tari ya ɗauke. Sannan ya kira sunayen yaran da suka rasu, kowane da sunan kakansa, murya na rawa. Maza masu gemu suka sunkuyar da kai.

Makau ya juyo wajen Halilu. "Halilu ɗan Dikko, ina aka binne cibiyarka?"

"Bayan ɗakin Inna."

"Ta babanka fa?"

"Nan dai."

"To gobe in baƙo ya zo da shebur, mi zai kwashe?"

Makau ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa ya ɗora a harshe. Ya ce, "Wagga ita ta ciyar da kakanninmu gero. Yau an ce dafi ce. Ni ban ce ku hana ba, ni wa ne? Tambaya nike kawai: mutumin da aka kwashe cibiyarsa aka zubar a rami, ɗan wane gari ne?"

Jama'a, na ji ƙarar bindiga a dajin Bukkuyum, na ga ambaliyar Gummi, duk na tsira, amma ban taɓa ganin abin da ya ɗauki mutane kamar wannan ba. Taron ya kwanta gefe ɗaya kamar gero a iska. Halilu ya ji kamar mahaifinsa na tsaye bayansa yana jiran amsa. Shi ya fara cewa, "Ba a taɓa gidana."

Da safe ma'aikata suka zo, ya tsaya bakin zaure da sanda. Hure ta leƙo ta ce, "Malam, cibiyar da ta bushe kake tsaro, ko mai cibiyar da ke rarrafe?"

Ya ce, "Ba ki ji Makau ba ne, shi ya sa."

Ma'aikatan suka wuce gidan gaba.

Kafin a yi girbi Rufaida ta fara jijjiga. Halilu ya ɗauke ta a babur zuwa Anka, Hure na rungume da ita a baya. Ba su kai ba. Ya dawo ya ɗauki shebur da kansa ya kankare tsakar gidan nan tas, har bayan ɗakin Inna, ba mai rarrafe a kai.

Abin da Halilu bai gani ba ran taro, ni na gani, don ina jingine da tsamiyar. Ana tafi, Makau ya zagaya baya ya tofar da ƙasar, ya kuskure baki da buta har sau uku. Iyalinsa kuwa tun watan jiya ya kai su Gummi.

Darasi: daɗin magana ba shi ne gaskiyarta ba. In mai jawabi ya sa zuciyarka ta tashi, zauna ka tambayi hankalinka, ka kuma duba ko shi yana haɗiye abin da yake ba ka.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo. Tsamiyar na nan, Halilu na nan. Ya dube shi ido cikin ido ya ce masa magana ba ta kisa.