Ɗan maƙeri da rijiya mai tsami

Tunda ka ce kai ba ka san sassauci ba a gidanka, gyara zama in ba ka labarin wani ɗan maƙeri. A bakin zugazugi ya tashi, inda darajar ƙarfe taurinsa, wanda ya lanƙwashe kuwa sai a jefa shi gefe. Ya yi boko, ya kama aikin mai, har furfura ta same shi yana shugabancin wata rijiyar gas. Rijiyar nan irin mai tsami ce: iskarta warin baragurbi take yi, kuma cin ƙarfe take kamar gara ta samu azara. Saboda haka bututun da aka zura mata na ƙarfe mai ɗan taushi ne. Tana cinsa a hankali, ana auna kaurinsa, in ya sirance a zaro shi a sauya. Duk ranar da aka zaro shi, baƙi ƙirin, jiki duk ramuka, sai kunya ta kama mutumin nan kamar shi ya ƙera abin. Ga ritaya ta ƙarato. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya bar rijiyar nan da bututun da zai sa a riƙa cewa, wannan aikin wane ne.

Sai ya kafe a kan a sayo ƙarfe mafi tauri da ake da shi a kasuwa. Abokiyar aikinsa, injiniya kamarsa, ta ce masa, "Yallaɓai, wannan iska ba tauri take tsoro ba, mai tauri ma ta fi saurin fasawa." Ya yi murmushi, ya ce shi a cikin ƙarfe aka haife shi. Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Aka zura sabon bututu, sumul, in ka ƙwanƙwasa har amo yake yi. Aka auna, bai sirance ba. Aka sake aunawa, yana nan daram. Bawan Allah har ya fara tafiya da kafaɗa a sama, bai san iskar ta daina lasar fatar ƙarfen ba ne, ta shige cikin naman jikinsa. Tsohon bututu yakan ba da kai kaɗan, ya nuna ciwonsa tun da sauran lokaci. Wannan kuwa ba ya lanƙwasa, ba ya nuna komai. Wata safiya, ba ciwon kai ba zazzaɓi, ya tsage can ƙasa kamar tangaran, ya karye, guntunsa ya rufta ya toshe rijiyar. Allah ya tsare rayuka, amma aka yi ta fama a ciro shi, abu ya faskara. Ƙarshe aka ɗura mata siminti aka rufe.

Wallahi ni tausayinsa nake ji, don ba mugu ba ne, kuma ba ragon ma'aikaci ba ne. Da hannunsa ya ba da umarnin ɗura simintin, yana tsaye yana kallo, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya tafi gida, abin da ya bari a filin kawai dandamali ne da awaki ke kwanciya a kai. In an tambaye shi labarin aikinsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, da ya bar ta da mai taushin, da yanzu tana nan da ranta. To, ka dai ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.