Maginin Tukwane da Ɗaurin Itace

Wani maginin tukwane ne jakinsa ya mutu, ga tukwane sun fito daga wuta lafiya, ga kasuwa tana bayan dutse. Da ya ga ba shi da ƙarfin wani jakin, sai ya nemi tsohon keke. Ciniki kam ya iya shi. Ya taya, ya tafi, ya dawo, har mai keken ya gaji ya faɗa masa gaskiya, cewa birkin ma ya cinye. Magini ya ce to a rage masa na birkin, shi da ya tsufa da jaki bai taɓa neman birki ba. Aka sallama, ya tafi yana ganin ya yi wayo. A filin bayan gari ya koyi hawa, wuri shimfiɗe kamar faifai, in zai tsaya sai ya sauke ƙafa. Ranar kasuwa ya ɗora mangalar jakin a baya, ya jera tukwane da tuluna cikin ciyawa, abincin gidansa kaf yana ciki. Bai yi nisa da hawan dutsen ba feda ta ƙi, ya sauka ya kama turi, gumi na shiga masa ido. Nan ya tarar da wata tsohuwa zaune kan ɗaurin itacenta tana haki. Ya gaishe ta ya wuce, zuciyarsa ta ƙi. Ya jingine keken, ya dawo ya gicciya itacen a kan sirdi, ya ci gaba da turi, tsohuwar na biye, yana yi wa kansa faɗa: wanda nasa kayan ya fi ƙarfinsa, me ya kai shi ɗaukar na wani?

Da suka kai ƙoli ya hango gangara miƙe har gindin kasuwa, ya ce alhamdu lillahi, wuya ta ƙare. Tsohuwar ta matso kusa da keken. Ta kama birkin ta matsa, ta ji fanko. Ita gidanta a gindin dutsen yake, ta sha ɗiban ruwan zafi tana gasa wa masu keken da suka faɗi ƙafa. Ta ce, "Ɗan nan, jaki ya san mutuwa, shi ya sa yake sauka a hankali. Wannan ƙarfe ne, bai san ta ba." Ta sauke itacen, ta ɗaure shi da igiya a bayan keken yadda zai riƙa jan ƙasa, ta ce ya hau da bismilla. Yana ɗaga ƙafa keken ya fizga kamar bijimin da ya tsinke. Iska ta ɗauke masa hula, tukwane na kuka a mangala, ya matsa birki ya ji ba komai. Amma duk fizgar da keken zai yi, sai ɗaurin nan ya ja shi baya, yana karce tsakuwa, yana tirjewa. Nauyin da ya yi ta tsaki a kansa wajen hawa, shi ya riƙe shi har ƙasa. Ya sauka, ya laluba ciyawa, ko kasko bai tsage ba.

Bai shiga kasuwa ba, ya zauna ya jira ta. Ta iso da hularsa a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Iya, zaɓi wadda kike so." Ta dubi itacenta da ya sha ƙasa, ta ƙwanƙwasa tukunyar da ya miƙo, ta ce wannan muryarta ba ta yi ba. Ta zaɓi babbar, wadda ya fi sa rai da ita, shi kuwa ya ɗora mata yana godiya.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.