Hular Shugaba a Wayar Baffa

Tunda kin kama wannan sana'a ta gina shafukan intanet, bari in buga miki misali da wani mutum, gwani ne ƙwarai, ba kuwa mugu ba. Ƙungiyar makiyayan garinsu ta ba shi aikin shafin da za a riƙa sanar da ranar allurar rigakafin dabbobi. Ya zauna gaban ƙatuwar kwamfutarsa ya zuba basira. Da yake ɗan gidan tarbiyya ne, wanda aka koya wa cewa ba a faɗa wa magana sai an gaisa, sai ya fara da hoton shugaban ƙungiya, ya bi da na mataimakinsa, ya kawo doguwar godiya ga dattawa, sannan ranar allura. A fuskar kwamfuta duk suka jeru gefe da gefe, gwanin sha'awa, har shugaba ya dafa masa kafaɗa.

Abin da bai sani ba, a ƙaramar waya ba sa jeruwa haka, sai su hau kan juna, ranar allura ta koma can ƙasa. Baffansa da ya rene shi yana ƙauye da awaki tara, su ne gatansa na tsufa. Ya ji cuta ta shigo ƙauyukan kusa, ya hau tudun da ake samun sabis, ya buɗe shafin ɗan nasa a wata waya mai tsagaggen gilashi. Hoto ya yi ta saukowa kaɗan-kaɗan, yana jira, yana ja da babban yatsa, har data ta ƙare bai kai ga rana ba. Sai ya kama ta bakin mutane, aka ce masa Laraba ce, alhali Talata ce. Ya koro awakinsa tun da sassafe ya tarar da fili wayam. Kafin wata ya mutu, biyar sun tafi.

Da mai shafin ya zo jaje, tsohon bai ɗora masa laifin komai ba. Ya dai miƙa masa wayar ya ce, "Aikinka ya yi kyau, ɗana. Na ga hular shugaba sarai." Ya karɓa ya duba, ga hula ta cika fuskar waya, babu ko harafi ɗaya. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Da ya koma gida ya rushe aikin ya sake shi. Ya sa rana da wuri da lokaci a sama da manyan haruffa, gaisuwa ta biyo baya, hotuna ya rage musu nauyi. Ya daina yarda da kwamfutarsa ita kaɗai, ya bi mai shayi da direban tasha da matar maƙwabci yana aron wayoyinsu, babba da ƙarama, sabuwa da tsohuwa, sai da ya ga ranar ta fito da farko a kowace. Shugaba ya ɗan yi fushi an mai da shi ƙasa, daga baya ya huce. Da allura ta zagayo, baffa ne na farko a layi, da awakinsa huɗu da suka rage.

Saƙon ɗaya ne, amma hannuwan da zai faɗa ba ɗaya ba ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.