Burodin Juma'a a Bakin Kududdufi

Tunda ka tambaye ni ko laifi ne yara su jefa wa agwagi abinci a ruwan gari, zauna in ba ka misali. A bayan ganuwar wani gari akwai kududdufi, kowa da kowa na amfani da shi. A gefensa wata tsohuwa take zaune, ba miji, ba ɗa, sai agwagi goma sha biyu da toro guda. Da ƙwansu take ci take sha, kuma abin da take tinƙaho da shi ke nan: shekara ashirin ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ga yadda take kiwonta. Da safe ba ta ba su komai, sai ta kora su ruwa su yi ta kalaci. In rana ta yi sanyi ta fito ƙofar gida da ƙwaryar dusa tana ƙwanƙwasawa, su kuwa su biyo layi suna rangaji har cikin akurki, ta rufe. Ba don suna ƙaunarta suke dawowa ba, yunwa ce igiyar da ta ɗaure su da ita, kuma ta san haka sarai.

Sai wani attajiri ya tare a unguwar, mutumin kirki a bakin kowa. Ranar Juma'a da la'asar ya kawo 'ya'yansa bakin ruwa da ledar ragowar burodi, wai yana koya musu tausayin dabba. Yara suna jifa, agwagi suna wawaso, ana ta dariya. Yaran unguwa suka gani, su ma suka fara zuwa kullum, wannan da ƙanzo, wancan da guntun tuwo. Tsohuwa ta fito ta ƙwanƙwasa ƙwarya har hannunta ya gaji, ko agwagwa ɗaya ba ta waiwayo ba. Wa zai bar burodi ya bi dusa? Ranta ya ɓaci, ta ja takalmi ta sami attajirin a ƙofar gidansa.

"Alhaji, don Allah ka hana yaran nan. In sun ƙoshi a ruwa ba sa dawowa gida, in ba su dawo ba na shiga uku."

Ya yi murmushi irin na wanda bai taɓa tsintar ƙwai da hannunsa ba. "Haba Iya, lada suke nema. Ke da ya kamata ki yi godiya, an rage miki nauyin ciyarwa."

Wai godiya. Ta juya ba ta yi sallama ba. Agwagi suka koma kwana a cikin ciyawar bakin ruwa, can suke zuba ƙwai, guza yana bi yana shanyewa. Wadda ta samu ta ƙyanƙyashe, shirwa ta kwashe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Tunku ya ɗauki rabonsa, karnukan gari suka ɗauki nasu, toron ma sai gashinsa ta tsinta. Ta shiga ruwa har gwiwa tana kora, tana masifa, yara suna yi mata dariya, iyayensu suna cewa rowa ta yi wa tsohuwar nan yawa, ko dabbarta ba ta so a ba. Kafin damina ta fita akurki ya zama kango.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙarshen. Attajiri ya ji labari tsohuwa ba ta da abin sa wa a baka, tausayi ya kama shi kamar yadda ya saba kama shi. Ranar Juma'a da la'asar sai ga 'ya'yansa sun yi sallama, sun durƙusa da ladabi, suka ce Baba ya ce a kawo mata sadaka. Ta duba, ledar nan ce, burodin nan ne. Zuciya ta ce ta watsa musu a fuska, amma kwana biyu ke nan tukunyarta ba ta hau murhu ba. Hannun da ya yi shekara ashirin a naɗe, ranar ta miƙa shi ta karɓa.

Don haka kafin ka aiki ɗanka neman lada a kan dabbar wani, tura shi ya tambayi mai ita, kuma in ta ce a bari, a bari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.