Garin Magani Mai Hannu Biyu

Zauna ki ji, 'yar nan, tunda kin ce duk fari ɗaya ne. A shekarun da jiniyar masana'antu ke tashin mutanen Kano da safe, an yi wani mai haɗa magani, dattijo mai tsabta, farar rigarsa kullum a goge. Maganin sanyin ƙirji yake yi, mata har daga ƙauye suna aiko a saya musu. To, shi wannan magani 'yan ƙwayoyinsa da ido ba ya gani tagwaye ne, kamar tafin dama da na hagu, jikin mutum kuwa na dama kawai yake karɓa. Wani ɗan ƙarfe ake jefawa a tukunyar gilashi, bai kai ƙwayar gero ba, ya yi aikin mai dalilin aure: ya kamo wannan, ya kamo wancan, ya ƙulla su, ya koma gefe abinsa. Amma sai an lulluɓe ƙarfen da wani sinadari da ake kawowa daga ƙetare, shi ke hana shi ƙulla na hagu.

Wata damina sinadarin ya ƙare, jirgi bai iso ba, ga tari ya cika gari. Abokin aikinsa ya ce, "Malam, ƙarfen ne fa ke aiki, lulluɓin kwalliya ce." Dattijo ya jefa ƙarfe tsirara. Garin magani ya fito fari tas, nauyi daidai, ɗaci daidai, har ya fi na kullum auki. Akwai wata na'ura da yake haska garin da ita ta nuna masa hannun da ya fito. Ranar nan ya tsaya gabanta, ya daɗe, bai kunna ba, don zuciyarsa ta riga ta gaya masa. Aka ɗura a kwalabe, ƙwayoyin a cakuɗe, rabi na dama rabi na hagu. Tsohuwar da cokali ɗaya ke kwantar mata da ƙirji ta sha, ta ƙara, tari na nan, ga jiri. Mutanen wancan zamani ba su da yawan magana. Babu wanda ya je ya zage shi, aiken ne kawai ya ɗauke. Da jirgi ya iso ya koma yin na kirki, ya jera kwalabe babu mai saye, yana goge musu ƙura da hannun riga, har tsufa ya zaunar da shi. Wurin yanzu shagon cajin waya ne.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da Wane ba ta Wane.