Duron Geron Khaulat

Ran nan da safe Khaulat ta ɗauki gawayi ta ja layi a cikin duron gero, daidai inda hatsin ya tsaya.

Wata biyu ke nan da rufe makarantar kuɗin da take koyarwa a Yalwawa. Gida ya koma kan albashin mijinta Abdurrahim, ƙaramin ma'aikaci a sakatariya, albashin da ke shigowa da sallama ya fita ba sallama. Likita kuma ya ce jininta ya hau, kada a bari ta sa damuwa a rai.

Sai aka shiga yanke-yanke. Gas ya koma gawayi. Nama ya koma na ranar Juma'a, daga baya ya koma ƙamshin na maƙwabta. Ginin ɗakin 'yarsu Luba ya tsaya a layin bulo na huɗu, tulin yashin ya zama gadon akuya. Abin da ya rage mai kwantar da rai shi ne duron nan shuɗi, da geron da wan mijin ya aiko daga Taura da kaka. Kullum tiya guda take auna, ta shafe bakin da tafin hannu. A lissafinta, idan an yi hattara, zai kai su sabon hatsi.

Duk mako geron na sauka ƙasa da layi, kamar yadda kowane gero mai tarbiyya yake yi. Ranar Asabar ta tafi Islamiyyar matan aure da Luba. Da ta dawo ta buɗe duro, sai ta ga hatsi ya hau ya zauna a kan layinsa.

"Abban Luba, gero ka sayo?"

"Da wane kuɗin?" Yana kwance a tabarma yana dafe da ƙugu. "Ke dai ki sha maganinki, ki bar leƙen duro."

Gaskiyarsa. Ita ke ganin albashin tun daga shigowarsa har wafatinsa, babu kuɗin gero a ciki.

Asabar ta biyu haka. Ta uku ma haka, har wata ya bi wata. Ta canza wurin ajiye makullin sito, ta tofe ƙofar da addu'a, gero bai fasa hawa ba. Har faɗa ta yi da matan layin a kan masu ɗibar mata yashi suna wanke tukwane, don kawai ta samu inda za ta sauke fargaba. Suka rantse ba su ba ne. Ba ta saurare su ba.

Sai ta kai maganar wurin Gwaggo Aisa, ƙanwar mahaifinta, wadda ba a taɓa kai mata ƙaramin tsoro ta mayar da shi yadda ya zo ba.

"Hatsin da ba ya ƙarewa?" Gwaggo ta rage murya. "'Yar nan, na san wani mutum can gabas, rumbunsa bai taɓa sauka ba. Amma duk shekara sai an fita da yaro ɗaya daga gidan a makara. Masu ba da irin wannan ba sa bayarwa kyauta. Mijin naki ya rame?"

Ya rame. Ya kuma rage magana. Tuwo loma uku yake yi ya ce ya ci a ofis. Ranar Asabar shi ke gaggauta su, har ya raka su bakin titi ya tsaya sai adaidaita ta tashi da su.

Ranar Laraba zazzaɓi ya kwantar da Luba. Khaulat ta dafa goshin yarinyar, zafi kamar murfin tukunya. Yaro ɗaya duk shekara, in ji Gwaggo. Su kuwa ɗaya gare su.

Tana jin ƙarar babur ɗin mijinta ta yi nisa, ta ɗaura zani ta shiga sito. Yau sai geron nan ya bar gidan, ko bola ko rijiya. Ta kama bakin duro ta ja. Ko motsi. Duron da a da take jansa ita kaɗai ta share bayansa, yau kamar an dasa shi.

Ta ɗauko ƙwarya ta shiga kwasa tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Ƙwarya ɗaya, biyu, uku. A ta biyar sai ƙwaryar ta daki wani abu. Buhu ne a shimfiɗe, an cusa gefunansa da kyau, aikin mai natsuwa.

Ta san me ake binnewa a irin wannan wuri: ƙaho, layu, ƙyallen rigar yaro. Daga ɗaki Luba ta kira, "Umma." Khaulat ta runtse ido, ta yi bisimilla, ta fizge buhun, ta tura hannu har gwiwar hannu.

Abin da ta damƙo ya zube ta tsakanin yatsunta, da sanyinsa. Ta buɗe ido ta dubi tafinta, ta dubi ɗan geron da ke gefe wanda ba zai kai su Asabar biyu ba, sannan ta leƙa ta taga: akuya na kwance a kan ƙasa ziryan, a inda tulin yashin ginin ɗakin Luba yake a da.