Hoton da Aka Rufe Sunansa

Babban likita ya ƙura ido a kan wani hoton ƙwaƙwalwa, yana murza idonsa na hagu da kwana biyu yake gani dishi-dishi.

"Cutar sarkoidosis ce, kumburin ya kama jijiyar gani," ya ce wa mataimakiyarsa. "A fara masa magani yau, in ba haka ba zai makance. Wane irin iyali gare shi, suka bar shi har ta kai haka?"

Ta rufe sunan da ke jikin hoton da tafin hannunta.

"Ke nake tambaya. Ina mai hoton?"

"Ranka ya daɗe, ka tuna ranar da aka kawo sabuwar na'urar ɗaukar hoton, muka rasa wanda zai kwanta a gwada ta?"

Ya tuna. Shi ya kwanta, yana tsokanarsu wai matsorata ne.